Yadda Taiga ya koyi yin bahaya a ƙarshen kejinsa

Tun ranar da ɓarayi suka haura katangar maƙwabcinmu suka ɗauke masa janareto na ce sai na ajiye kare na gadi. Na samo kwikwiyo ɗan wata 2, ubansa German Shepherd ne uwarsa kuma irin namu na gida, yara suka sa masa suna Taiga. Hajiya ba ta hana ni ba amma sharaɗi ɗaya ta gindaya min, ta ce "Kai dai ka ji ni da kyau, ko ɗigon fitsarinsa kar in gani a tsakar gidan nan, nan nake shimfiɗa tabarma in yi sallah, nan jikokina suke rarrafe." Kuma gaskiyarta ne wallahi, domin ko a Malikiyya da ba a ɗauki yawun kare a matsayin najasa ba, kashinsa da fitsarinsa najasa ne babu ja.

Toh sai na kira mai walda ya haɗa min ɗan keji a bayan gida, aka zuba siminti a ƙasa, a tunanina tunda a ciki yake wuni ai a ciki zai yi komai, da safe in zo in kwara ruwa shikenan. Ina! Kare ya ƙi. Zai matse cikinsa ya yi ta kuka tsakar dare har sai an buɗe masa, ana buɗewa kuma zai ruga da gudu kusa da famfo daidai inda ake alwala ya tsuguna a nan. Sati biyu muna wannan fama, raina ya ɓaci sosai har na fara tunanin mayar da shi inda na ɗauko shi.

Wani dattijo tsohon mafarauci a bayan layinmu shi ya warware min matsalar. Ya zo ya tsaya ya kalli kejin shiru, sai ya ce "Ɗana, ɗakin kwana ka gina masa, ba ka yi masa bayan gida ba. Kare ba ya ɓata inda yake kwanciya sai in an tilasta shi." Na ce Baba to yaya zan yi, ya ce in ƙara masa fili in zuba yashi.

Haka na yi. Na sa aka ja waya aka ƙara tsawon kejin ya kai wajen mita 4, gefe ɗaya na sa masa katako da aka ɗaga sama kaɗan don kwanciya, kwanon abinci da na ruwa duk a wannan gefen, can ƙarshe kuma na tona ƙasa na zuba yashi baro biyu na kewaye shi da bulo. Sannan na ɗebo ɗan kashinsa na jiya da tsumman da na goge fitsarinsa na ajiye a kan yashin, saboda shi kare hanci yake bi, duk inda ya ji warin nasa can yake komawa. Wannan shi ya sa ma bakin famfon ya zame masa jiki, mu muna ganin mun wanke tas amma shi yana jin warin. Sai da na wanke wurin da omo na ɗauraye sosai sannan na bi da bilic, kuma dan Allah kar wanda ya zuba bilic kai tsaye a kan fitsari, wani tururi yake tayarwa mai shaƙe mutum, a fara kwara ruwa tukuna.

Amma fa yashi kaɗai bai isa ba, lokaci ne babban aikin. Kwikwiyo ba ya iya riƙe fitsari da daɗewa, lissafin da masu kiwon karnuka ke bi shi ne kusan awa ɗaya ga kowane wata na shekarunsa, kenan ɗan wata 2 in ya yi awa biyu zuwa uku ya kai maƙura. Kuma akwai lokutan da kusan tabbas sai ya yi, da zarar ya farka daga barci, bayan ya ci abinci da kamar minti 15 zuwa 30, sai kuma bayan ya yi wasa ya gaji. Ni da na dawo daga sallar asuba ko ɗaki ba na shiga, in sa masa igiya in kai shi kan yashin in tsaya ban ce komai ba sai kalma ɗaya, "yi maza". Wata rana minti ɗaya ya gama, wata rana in yi minti goma a tsaye cikin sanyin hunturu yana ta shinshine-shinshine yana zagaye. Da ya gama kafin ma ya taka ƙafa ya bar wurin nake miƙa masa ɗan guntun dafaffiyar hanta in yabe shi, don in ka bari sai ya fito to ba zai gane ladan mene ne ba.

Duka kuwa ba ya gyara komai, na gani da idona. Ɗan yayana ya taɓa tarar da kashi a tsakar gida ya ɗauki silifas ya zabga masa, abin da ya biyo baya shi ne karen ya daina yi a gaban mutum kwata-kwata, sai ya laɓe bayan randa ya yi, ni kuma in tsaya da shi a kan yashi ya ƙi. Kwana biyar na yi kafin ya sake yarda da ni. Abin ya dame ni ƙwarai domin bai san laifin da ya yi ba, tsoro kawai aka koya masa.

Kullum safe da yamma nake kwashe kashin da shebur, kuma ba don wari kaɗai ba. Ƙwayayen wata tsutsar ciki da ke cikin kashin kare sai sun yi sati 2 zuwa 4 a ƙasa suke iya kama mutum, kuma yara masu wasa da ƙasa su ne a gaba, toh in ana kwashewa kullum an datse hanyar. Ga kuma cutar fabo mai sa kwikwiyo amai da zawo da jini, ƙwayarta tana yin watanni a ƙasa ba ta mutu ba, bilic ne ke kashe ta in an haɗa kashi 1 cikin 30 na ruwa. Likitan dabbobi ya ba shi maganin tsutsa da allurar fabo, da ya cika wata 3 aka yi masa ta haukan kare.

Da damina ta faɗi sai ya koma ƙin hawa yashin saboda ya jiƙe ya zama caɓi, na ƙara kwanon rufi falle biyu a kai na buɗe ƙaramar magudana ta bayan katanga, cikin kwana uku ya koma daidai. Yanzu watansa 9, ba igiya ba hanta, da kansa yake tashi daga kan katakon ya tafi can ƙarshe. Jiya ma Hajiya ce ta leƙa ta ce min yashin ya yi ƙasa, in sa a kawo baro ɗaya kafin Juma'a.