Arakan ta Apapa da faduwar Rangun

Shekara takwas kenan ina bin hanyar Apapa saboda harkar kaya da nake yi a tashar jirgin ruwa, kusan kullum sai na ga sunan Barikin Arakan, amma wallahi ban taba tambayar kaina meye Arakan din ba. Sai ranar Juma'ar da ta wuce, mun sakko daga masallaci a Agege muna zaune wajen mai shayi, wani dattijo makwabcinmu ya ji na ambaci barikin sai ya ce "Kai yaro, ai Arakan yanki ne a kasar Bama, can ubana ya yi yaki." Na ce Baba don Allah ba ni labari. Toh tun ranar abin ya ki fita a raina, har na kwana biyu ina bin tarihin.

Rangun, wadda yau ake kira Yangon, ita ce babbar tashar jirgin ruwa ta Bama, wato Myanmar ta yau, lokacin tana hannun Turawan Ingila, kamar dai yadda Legas take a wajenmu a zamanin. Ta nan shinkafa da katako da man fetur suke fita, ta nan kuma makamai suke shiga a wuce da su Sin. A Yakin Duniya na Biyu, Japan ta fara yi wa garin ruwan bama-bamai ranar 23 ga Disamba 1941, Singafo ta fadi 15 ga Fabrairu 1942, kafin a ce kwabo ranar 8 ga Maris sojan Japan suna cikin Rangun. Turawa da za su fita sai da suka cinna wa matatar mai ta Syriam wuta, an bude gidajen yari an saki fursunoni, gari ya zama kango.

Amma ni abin da ya fi taba min zuciya shine Indiyawan garin. Kusan rabin mutanen Rangun su ne, 'yan dako a tasha, masu shara, masu shago, masu jan keken haya, wato 'yan ci-rani da suka bar gida suka zo nema kamar yadda muka baro Kano da Sakkwato da Katsina muka cika Mile 12 da Idi-Araba. Da abu ya baci wurin zama a jirgi ya yi karanci kuma Bature aka fara dubawa, sai talaka ya dauki kullin kayansa a ka, ya goya yaro, ya kama hanyar Indiya a kasa ta cikin duwatsu da kungurmin daji. Dubban daruruwa ne suka yi wannan tafiya, dubun-dubata suka mutu a hanya, kwalara da zazzabin cizon sauro da yunwa. Duk sanda na tsaya a tasha na ga yaranmu suna sauke buhu sai in ga kamar su ake ba ni labari, bako ne fa a gari, ba gona ba dangi, ranar gudu ba wanda ya ajiye masa kujera.

Wadanda suka zauna ma ba su huta ba. Japan ta buga takardun kudinta barkatai har suka zama ba su sayen komai, shinkafa ta rasa jirgin fita, tufafi suka yi wuya, 'yan sandan soja na Kempeitai suna kama mutane suna azabtarwa. A 1943 aka ce an ba Bama 'yanci karkashin Ba Maw, amma bindiga tana hannun wa? Shi kansa Aung San, jagoran 'yan kishin kasar Bama da ya shigo tare da sojan Japan, a Maris 1945 ya juya musu baya.

Nan ne iyayenmu suka shigo labarin. Runduna ta 81 da ta 82 ta sojan Afirka ta Yamma, da yawansu 'yan Arewa ne, da Hausa ma ake magana a bariki, aka zuba su a jirgin ruwa zuwa Indiya daga nan sai dajin Arakan, suna dauke da kaya a ka inda mota ba ta shiga. Su suka kwace garin Myohaung na Arakan daga hannun Japan a Janairu 1945, shi ya sa akwai bariki mai wannan suna a Yaba. Rangun kuma ta koma hannun Ingila a farkon Mayu 1945.

Baba ya ce mahaifinsa ya dawo da lambar girma da tari wanda bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah, kuma ko ruwan sama aka fara da karfi sai ya tashi ya zauna, ba ya iya barci. Ya yi min alkawarin Juma'a mai zuwa zai kawo lambar in gani.