Asabar ɗin da na kai kalangu shagon jita

Sanyin yau na musamman ne. Da asuba ruwan buta kamar an ciro shi daga firij, kuma ko da na dawo daga masallaci yatsuna ba sa tanƙwasuwa yadda ya kamata. Na zaro bes ɗina, wato jitar nan mai kaurin murya, daga jaka don in ɗumama hannu, sai na ji gefen wuyanta yana kartar min tafi. Hunturu ya soma aikinsa ke nan. Duk shekara haka take yi min a Jos: katakon ya bushe ya tsuke, ƙarafunan firet kuwa, waɗanda ke gicciye a wuyan, ba ruwansu da bushewa, sai bakunansu su leƙo waje kamar haƙoran zarto. Tsirkiyoyin ma sun yi sama, sai na danna da ƙarfi kafin su taɓa ƙarfe.

Shekararta tara a hannuna. Kwaikwayon Jazz Bass ce, ko sunan kirki babu a kanta, wani ya kankare tun kafin ta zo gare ni. Na ci abinci da ita, ba zan zage ta ba. Amma bikin makon jiya a Bukuru ya ƙure haƙurina. Da aka ɗauke wuta aka tayar da janareta, sai ta kama wani gurnani, zuuu, har mai haɗa sauti yana harara ta daga bayan na'urarsa. Fikof, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya, biyu ne a jikinta, kowanne naɗin waya ɗaya. In ka buɗe su daidai wa daida sukan kashe wa juna ƙarar, amma da ka rage ɗaya don neman sautin da kake so, sai tsamin wutar ya shigo. Ni kuma na gaba nake so shi kaɗai, na kusa da wuya. Daren nan haka na kwana ina kaɗa abin da ba na so don kawai a zauna lafiya.

Maman yara ta san da maganar kuɗin adashen da na kwasa. Da zan fita ta ce, "To Baban yara, a dai tuna kuɗin makaranta na nan a Janairu." Na ce na tuna. Ta ce ita ma tunawa ta yi.

Na biya Gangare na ɗauki mai kalangunmu. Ya girme ni nesa, Yaya nake ce masa. Da na ce ya ɗauko kalangunsa ya raka ni Terminus sai ya tsaya yana kallona.

"Biki za mu ko kasuwa?"

"Kasuwa, Yaya. Amma da kai za a saya."

Dalilina shi ne, sau biyu ina sayen kaya da kunnen shago. A shago kai kaɗai kake, ga bango huɗu suna mayar maka da sauti, komai sai ya yi daɗi. Ranar aiki kuwa fili ne, ga kalangu, ga ganga, ga mai fiyano da hannun hagunsa ba ya zama wuri ɗaya. A nan ake sanin ko bes ta samu wurin zama ko kuwa tana ta ture-ture da mutane.

Mai shagon, da muke kira Oga, Hausarsa ta 'yan Jos ce tsaf, ya ga kalangu ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce shekarunsa a wannan sana'a ba a taɓa zuwar masa da ɗan rakiya irin wannan ba. Ya sauko min da guda uku, duk na hannu.

Ta farko ita ce wadda ta hana ni barci tun watan jiya: Ibanez mai tsirkiya biyar, baƙa wuluk, wuya siriri, mara nauyi. Tana da batir mai bolt 9 a bayanta, wato irin wadda ake ƙara wa sauti ƙarfi tun daga cikin jikinta, salon da Music Man StingRay ta yayata tun 1976. Maɓallai biyar, kana iya ƙara ƙasa, ƙara sama, rage tsakiya, duk ba ka taɓa amfilifaya ba. Tsirkiya ta biyar ɗin, wato B, ita ce abin kwaɗayin. Bes mai huɗu tana tsayawa ne a E, wajen hez 41, wato girgiza 41 a daƙiƙa. B kuwa tana gangarawa har wajen hez 31, inda ƙirji ke ji kafin kunne. Kuma mai fiyanonmu mutum ne mai son E filat, kullum sai in haura sama in kama ta, sautin ya yi siriri a daidai inda ya kamata ya yi kauri.

Ta biyu Yamaha ce mai huɗu, fikof iri biyu a jiki, irin na bes ɗin Precision a tsakiya, irin na Jazz kusa da gada, inda tsirkiyoyi ke ɗaure a gindi. Ta uku Squier Precision, ja, fentin ya goge a inda damtse ke kwanciya, maɓalli biyu kacal: ƙara da launin sauti. Ko kallon kirki ban yi mata ba da farko.

Na fara da baƙar. Ni kaɗai, wallahi, ji na yi kamar ina cikin situdiyo. Na ɗan mari tsirkiya da babban yatsa, tas tas, yaran shagon suka taru. Oga ya ce, "Ka gani? Wannan ita ce taka." Sai na ce Yaya ya shigo.

Ya saƙale kalangu a hammata, ya ɗauki makaɗi, ya fara a hankali, yana matsa igiyoyin yana saki, muryar tana hawa tana sauka. Na bi shi. Ba mu yi minti ɗaya ba ya tsaya.

"Ƙanena, wannan bakinta ya yi yawa. Ina magana tana magana."

Gaskiyarsa. Wancan kas-kas ɗin da ya burge yaran, a daidai wurin da kalangu ke furta kalmominsa yake zaune. Na rage sama, na rage tsakiya, sai ta koma wani gunji mai faɗi wanda ba a gane kansa balle gindinsa, kuma da na taɓa B ɗin lasifikar shagon mai inci 10 ta fara fatar-fatar kamar tutar da iska ke kaɗawa. Ba laifin jitar ba ne. Tsirkiyar nan tana son amfilifaya da lasifikar da suka isa, ni kuma ba ni da su. Wanda ya sayi raƙumi sai ya ɗaga ƙofar gidansa.

Yamahar ta yi kyau, babu abin da zan ce. Ta fi duka ukun lafiyar wuya. Amma na lura duk lokacin da na juya maɓallin neman abin da ya dace da Yaya, sai in tarar na kashe fikof ɗin baya gaba ɗaya, na bar na tsakiya. To in haka ne me ya hana ni ɗaukar jar?

Na ɗauke ta. Wuyanta ya fi kauri, ya cika min hannu, sai da na ɗan saba. Na rufe maɓallin launi zuwa rabi. Yaya ya sake farawa, na sa yatsa biyu na shiga ƙarƙashinsa: dum, dum-dum. Bai tsaya ba. Ya ƙara wuta, ya fara kirari da kalangun, ni ina ƙasa ina riƙe masa ƙafa. Wata mai tallan dankali ta tsaya a bakin ƙofa tana gyaɗa kai da tire a ka. Sai da muka yi kusan minti biyar. Da ya sauke makaɗi cewa ya yi kawai, "Wannan ta san girman na gaba."

Ana cikin haka aka ɗauke wuta, Oga ya sa yaro ya tayar da ƙaramin janareta. Da ma abin da nake jira ke nan. Na ɗage hannu daga kaɗawa na saurara. Kusan shiru. Fikof ɗin Precision rabe yake gida biyu, rabi na ɗaukar tsirkiya biyu na sama, rabi na ɗaukar biyu na ƙasa, an naɗe su saɓanin juna don tsamin wuta ya kashe kansa. Leo Fender ya fito da wannan bes a 1951, aka sa mata rabebben fikof ɗin a 1957, Jazz kuma ta biyo baya a 1960. Abin mamaki, dabarar da aka yi tun kafin a haifi mahaifina ita ce maganin janaretan bikin Bukuru. Kuma ba batir. Na taɓa ganin wani ya manta kebur a jikin bes mai batir ya kwana, washegari ana tsakiyar shigowar amarya sautinsa ya koma kamar rediyon da ya sha ruwa.

Ciniki ya ɗauki lokaci. Oga ya rantse da kuɗin dala da kuɗin mota daga Legas, na rantse da kuɗin makaranta. Yaya ya shiga tsakani da albarka da alheri har muka daidaita. Na ba da kashi biyu cikin uku, sauran bayan bikin gobe, na bar masa tsohon katin shaidata a matsayin jingina duk da ya ce ba sai na bari ba.

Daga nan Dilimi, wurin Baba mai gyara. Shagonsa bai fi faɗin tabarma biyu ba, cike da gawarwakin rediyo da amfilifaya, ƙamshin dalma ko'ina. Ya karɓi jar ya ɗora gindinta a ƙafarsa, ya rufe ido ɗaya ya leƙa tsawon wuyan kamar mai duba gorar da zai saya. Ya danne tsirkiya a firet na farko da na ƙarshe, ya sa ni in zura tsohon katin waya a ƙarƙashinta wajen firet na takwas. Katin ya shige yana lilo.

"Ta yi ciki," in ji shi. "Hunturu ne."

Ya ɗauko ɗan makullin alan, ya sassauta tsirkiyoyi, ya juya sandar ƙarfen da ke cikin wuyan rubu'in zagaye kawai, ya ajiye. Na ce Baba a ƙara mana. Ya ce katako ba a yi masa gaggawa, in dawo jibi a sake dubawa, masu karya wuyan jita duk daga "a ƙara kaɗan" suka fara.

Na ba shi labarin baƙar mai biyar da yadda raina ya so ta. Bai ɗago kai daga aikinsa ba ya ce, "Marigayi Ɗan Maraya tsirkiya nawa ce a kuntiginsa?" Na ce ɗaya. Ya ce, "To har ya koma ga Allah a 2015 ban ji ya ce ta yi masa kaɗan ba." Yaya ya fashe da dariya. Na so in ce kuntigi daban bes daban, amma na bar wa cikina.

Maganar tsirkiya ce ta ɗauke mu lokaci. Waɗanda ke jikinta sun mutu, sun yi baƙi da gumin wani. Ni da ma dabarata tafasawa: in zuba su a tukunya minti goma, in shanya, su farfaɗo na mako biyu. Baba ya ce wannan wankan gawa ne. Ya zaro wata guntuwa daga gwangwani ya miƙo min. Santsi sumul, kamar an goge ta da mai. Irin da ake naɗewa da shimfiɗaɗɗen ƙarfe ke nan, ba zagayayyen da muka saba da shi mai kaushi ba. Zagayayyen yana da haske da ƙara, shi ya sa ya mamaye ko'ina tun da Rotosound ta fito da nata a shekarun 1960, amma yana cin firet, yana cin yatsa, kuma datti na maƙalewa a tsakanin naɗin. Mai santsin ba shi da wannan ƙyalli, dum ɗinsa gajere ne mai kauri, kuma yakan shekara da shekaru bai canja ba. James Jamerson, mai kaɗa bes na kamfanin waƙa na Motown a Amurka, da irinsa ya yi aikinsa a kan Precision, kuma an san shi da rashin canja su. Ga mai zama ƙarƙashin kalangu, ai kamar don ni aka yi. Matsalar ita ce babu shi a gari, sai an aiko daga Legas, kuɗinsa kuma ya kusa ninka na ɗaya. Na sayi na nikel na yau da kullum, lamba 45 zuwa 105, na ce a sa min su tukuna. Baba ya juya kwalin sau uku yana duba bugun rubutun kafin ya yarda, don bara an sayar min da na jabu a wani wuri, tsirkiyar G ta tsinke tun ina ɗaurawa.

Amfilifaya kam ban taɓo ba yau, aljihu ya ce a dakata. Na dai tambaya. Akwai wani kan amfilifaya, ba lasifika a jikinsa, mai wat 300 da wani ya kawo sayarwa, ƙarami, hannu ɗaya ke ɗauka, ba irin Ampeg SVT na 1969 da shi ma wat 300 ne amma nauyinsa ya kusa kilo 40 ba. Ga wanda keke ke kai shi wurin aiki wannan ba ƙaramin abu ba ne. Baba ya juyo bayan amfilifayan ya nuna min da farce: bolt 120. Kayan Amurka. Wutarmu 230 ce. Ya kalle ni, na kalli ƙasa, don shi ya buɗe cikin wancan da na ƙona shekara uku da suka wuce, ranar da na jona shi kai tsaye ina ɗoki. Ya ce in zan saya sai da taransifoma mai saukar da wuta, kuma in tuna lasifika biyu masu om 8 in an haɗa su kafaɗa da kafaɗa, wato parallel, om 4 suke komawa, kada in ƙara ta uku in ce ban sani ba. Gobe dai ta akwatin DI, mai kai sautin jita kai tsaye, zan shiga na'urar mai haɗa sauti, ƙaramin amfilifayana ya zauna kusa da ƙafata don in ji kaina.

Na iso gida bayan isha'i. Maman yara ta dubi jar, ta dubi inda fentin ya goge, ta ce, "Wannan ce sabuwar?" Na ce ita ce. Ƙaramin ya ja tsirkiyar E ya saki, ya ruga bayan uwarsa.

Na jiƙa ɗan soso na matse, na sa a gwangwanin da na huda, na ajiye cikin jakar don kada katakon ya bushe, kamar yadda Baba ya ce. Tsohuwar na jingine ta bayan ƙofa, ban yanke shawarar sayar da ita ba. Yanzun nan mai fiyano ya turo saƙo a WhatsApp: waƙar shigowar amarya gobe a E filat za a yi ta.