Farautar bawul don rediyon soja R-390A

Rediyon R-390A, wanda kamfanin Collins ya tsara wa sojojin Amurka a tsakiyar shekarun 1950, bawul 26 ne a cikinsa, wato kwalaben gilashin da ke sarrafa sigina da wuta a tsofaffin rediyo, nauyinsa kuma ya kusa kilo 40. Wani dattijo, tsohon ma'aikacin sadarwa, ne ya kawo mini ɗaya shagona, ya ce so yake ya sake kama gajeren zango da shi. Aikin dalma bai ba ni wuya ba. Neman bawul ne ya ci mini lokaci.

Har gobe ana ƙera bawul. Akwai JJ Electronic a ƙasar Sulobakiya, da masana'antar Saratov ta Rasha mai fitar da Sovtek da Electro-Harmonix, da wasu a Sin. Sai dai makaɗan gita da masu kayan sauti masu tsada suke yi wa. Cikin duk abin da rediyon nan ke buƙata, 5814A kaɗai na samar wa sabon ƙira da zai maye gurbinsa, wato 12AU7, shi ma ya yi tsada tun 2022 da yaƙin Yukren ya dagula fitar da kaya daga Rasha. Sauran sai ragowar ajiyar soja, waɗanda kamfanonin RCA da GE da Sylvania suka ƙera, masu tambarin JAN na sojan Amurka, suna kwance a kwalayensu shekaru aru-aru. Irin su 5749 da 6AK6 an yi su da yawa, kuɗin aikowa ma ya fi kuɗinsu.

Inda gizo ke saƙar shi ne bawul 3TF7. Siririyar wayar ƙarfe ce a cikin kwalba mai iskar haidirojin. Idan wuta ta ƙaru sai wayar ta ƙara zafi ta tare rarar, don bawul biyun da ke riƙe da daidaiton tasha su sami abin da ya dace da su ba ƙari ba ragi. Na rediyon nan ya tsinke, masu sayar da sauransa a intanet kuwa sun san abin da suke riƙe da shi. Masu gyara a Amurka kan sa rizisto, wato ɗan abin rage wuta, mai om 42 a madadinsa su wuce, domin wutarsu a tsaye take. Tamu fa? Na sa rizistan, na zauna ina saurare: da mai walda na maƙwabta ya kunna injinsa, sai in ji sautin ya ɗan karkace. Sai da na haɗa rediyon da sitabilaiza mai kyau sannan ya natsu, kuma duk da haka ya fi sayen 3TF7 sauƙi, tunda wani ma tsinkewa zai yi wata rana.

Bawul biyu na 26Z5W masu mayar da wutar AC zuwa DC su ma sun yi ƙaranci. Na maye su da dayod, ƙaramin abin zamani mai yin aiki iri ɗaya, na ƙara rizisto saboda dayod na ɗaga wutar fiye da yadda aka tsara.

Shawarar da na ƙi ita ce ta sauya dukan 26 ɗin lokaci guda. Ɓarnar kuɗi ce, kuma ta kan rikita saitin da aka yi wa rediyon. Na fara da duba tabo mai launin azurfa da ke cikin kowace kwalba: wanda nasa ya koma fari kamar alli, iska ta shige shi, ya gama yayi. Sauran kuma rediyon da kansa ya gwada mini su. Yana da siginar gwaji a kowane kilohaz 100, sai in kunna ta, in sauya bawul ɗaya, in dubi allurar mita. In ba ta motsa ba, tsohon ya koma mazauninsa. Mafi yawansu sun koma, har da 6DC6 na bakin eriya da aka ce mini tabbas ya gaji.

Kafin in fara ba shi wuta ma na canza kafasita C553, domin idan ta lalace ta kan tafi da matatun sigina na Collins, waɗanda samunsu ya fi na kowane bawul wuya. Daga ƙarshe na cire hulunan ƙarfe masu ƙyalli da ke mayar wa kwalaben zafinsu, na ɗaura ƙaramar fanka a sama, don bazararmu ba ta raga wa gilashi.