Shin mutum zai iya zama ɗan Ayilan kuma ɗan Birtaniya a lokaci guda?

Wannan tambaya tana da amsa a rubuce, kuma gwamnatoci biyu ne suka sa mata hannu. A ranar 10 ga Afrilun 1998, a birnin Belfast, gwamnatin Birtaniya da ta Jamhuriyar Ayilan da mafi yawan jam'iyyun Ayilan ta Arewa suka ƙulla yarjejeniyar da ta kashe wutar rikicin da ya shafe kusan shekara talatin yana ci tsakanin masu son Ayilan ta Arewa ta zauna cikin Birtaniya, galibinsu Furotesta, da masu son ta haɗe da Jamhuriyar Ayilan, galibinsu Katolika, ya kuma lashe rayuka wajen 3,500. A cikinta aka amince cewa mutanen Ayilan ta Arewa suna da haƙƙi na gado su kira kansu 'yan Ayilan, ko 'yan Birtaniya, ko duka biyun, yadda suka ga dama, a kuma karɓe su a haka. Da aka kai maganar gaban jama'a a watan Mayu na wannan shekara, kashi 71 cikin ɗari na masu ƙuri'a a Arewa suka amince, a Jamhuriya kuwa kashi 94.

Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne sakamakon ƙidayar 2021. An tambayi mutanen Ayilan ta Arewa, waɗanda yawansu ya kai miliyan 1.9, yadda suke kallon kansu. Kimanin kashi 32 suka ce su 'yan Birtaniya ne kawai, kashi 29 suka ce 'yan Ayilan ne kawai, kusan kashi 20 suka ce su 'yan Ayilan ta Arewa ne, ba ƙari. Waɗanda suka zaɓi sunayen nan biyu tare, wato Birtaniya da Ayilan, ba su kai ko kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma ko an haɗa da masu amsa sunaye ukun gaba ɗaya, da kyar adadin ya wuce kashi biyu. Doka ta buɗe ƙofa, amma masu shiga ba su taka kara sun karya ba. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin hujjar cewa haɗa biyun daɗin baki ne irin na 'yan siyasa. Ni ban yarda ba, kuma tarihin tsibirin ne dalilina.

Daga 1 ga Janairun 1801 har zuwa 1922, tsibirin Ayilan baki ɗayansa yana cikin Haɗaɗɗiyar Daular Birtaniya, yana tura wakilai majalisar Landan. A wancan zamani, mai goyon bayan wannan haɗaka ba ya ganin wani karo tsakanin sunayen biyu: Ayilan ita ce ƙasar haihuwarsa, Birtaniya kuma daular da yake biyayya gare ta, kamar dai yadda mutumin Skotlan ko na Wales yake ji har gobe. Edward Carson, wanda gunkinsa ke tsaye a gaban majalisar Stormont, wato majalisar dokokin Ayilan ta Arewa, wanda kuma ya jagoranci yaƙi da bai wa Ayilan mulkin cin gashin kai a 1912, lauya ne haifaffen Dublin, kuma bai taɓa daina kiran kansa ɗan Ayilan ba. Burinsa shi ne tsibirin duka ya zauna cikin daular, saboda haka raba shi gida biyu da aka yi a 1921, gundumomi shida a Arewa da suka zauna cikin Birtaniya da ashirin da shida a Kudu da daga baya suka zama Jamhuriyar Ayilan, bai zama masa nasarar da yake nema ba.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya, 'yan Ayilan kimanin 200,000 ne suka sa kakin sojan Birtaniya, Katolika da Furotesta. A watan Yunin 1917, a Messines ta ƙasar Beljiyam, runduna ta 16 wadda galibinta Katolika ne masu kishin Ayilan, da runduna ta 36 ta Furotestan Ulster, lardin arewacin tsibirin, suka yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa. A nan ne aka harbi Willie Redmond, ɗan majalisa mai shekara 56 wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana neman wa Ayilan mulkin kai, kuma sojojin rundunar Ulster, abokan hamayyarsa a siyasa, su ne suka ɗauke shi daga fagen fama kafin ya cika. Wanda duk ya ce mutum irin Redmond ba cikakken ɗan Ayilan ba ne saboda ya mutu cikin kakin sarki, ya zalunce shi.

Bayan rabuwa ne kowane ɓangare ya matse sunan da yake riƙe da shi. A Kudu, sabuwar ƙasa ta gina kamanninta a kan ɗarikar Katolika da harshen Ayilan na asali, kundin tsarin mulkin 1937 ya bai wa cocin Katolika matsayi na musamman, kuma tsakanin ƙidayar 1911 da ta 1926 yawan Furotesta a waɗannan gundumomi ya ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku. A Arewa, firaminista James Craig ya fito fili a 1934 yana alfahari da cewa majalisarsu da ƙasarsu ta Furotesta ce, aka kuma yi shekaru ana nuna wa Katolika bambanci wajen rabon gidajen gwamnati da aikin yi da shata mazaɓu. Duk da haka, sa'ad da masanin siyasa Richard Rose ya yi bincike a 1968, ana gab da ɓarkewar rikici, ya tarar kashi 20 na Furotestan Arewa suna kiran kansu 'yan Ayilan, kashi 39 kuma 'yan Birtaniya. Shekara goma bayan haka, a wani binciken na 1978, masu cewa Ayilan sun sauko zuwa kashi 8, masu cewa Birtaniya sun haura zuwa 67.

Waɗannan alƙaluma su ne ƙashin bayan ra'ayina. Mutanen ba su sauya kakanni ba cikin shekara goma, ba su kuma yi ƙaura ba. Bama-bamai ne suka shiga tsakani. Ƙungiyar IRA ta masu ɗaukar makamai don haɗe tsibirin ƙasa ɗaya, wadda ke da alhakin kusan rabin kashe-kashen rikicin, tana kisa ne da sunan Ayilan, kuma mutumin da aka kashe masa ɗan'uwa, ko wanda ya ga gawarwaki goma sha ɗaya a Enniskillen ranar tunawa da mazan jiya a watan Nuwamban 1987, da wuya ya ci gaba da amsa sunan da maharan ke tutiya da shi. Haka nan a ɗaya ɓangaren. Ranar 30 ga Janairun 1972, sojojin Birtaniya suka harbe masu zanga-zanga goma sha uku har lahira a Derry, wani kuma ya rasu daga baya, kuma sai a 2010 firaminista David Cameron ya tsaya a majalisa ya nemi gafara. Ga Bakatoliken da ya tashi a wannan gari, wanda kuma aka ba shi labarin yunwar 1845 zuwa 1852 da ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya alhali Landan ce ke mulki, sunan Birtaniya sunan mai bindiga ne. Mu da kakanninmu suka ga zuwan sojan Lugga ba ma bukatar dogon bayani a kan nauyin amsa sunan wanda ya mallake ka.

Saboda haka dole a faɗi wata gaskiyar tare da ta farko: yadda mutum ke da damar haɗa biyun, haka yake da damar ƙin ɗaya, kuma babu mai ikon lanƙaya masa. Shari'ar Emma DeSouza ta nuna cewa wannan ɓangaren na alƙawarin bai cika ba. Haifaffiyar gundumar Derry ce, fasfon Ayilan kaɗai take riƙe da shi, ta auri Ba'amurke a 2015, ta nema masa izinin zama a matsayinta na 'yar Tarayyar Turai. Ma'aikatar harkokin cikin gida ta Birtaniya ta ƙi, bisa hujjar cewa dokar zama ɗan ƙasa ta 1981 ta mayar da ita 'yar Birtaniya tun ranar haihuwa, in kuma ba ta so sai ta bi hanyar doka ta ajiye wannan matsayi. Ita kuwa ta ce ba za ta ajiye abin da ba ta taɓa ɗauka ba. A 2019 babbar kotun shige da fice ta bai wa ma'aikatar gaskiya, sai a 2020 gwamnati ta gyara ƙa'idojin shige da fice, amma wannan tanadi na dokar 1981 yana nan yadda yake. A ganina gaskiya na tare da DeSouza, domin zaɓin da aka riga aka yi maka tun kana cikin zanen goyo bai amsa sunan zaɓi ba.

Akwai kuma wanda ya sha irin wannan wahala ta ɗaya gefen. Willie Hay, jigo a jam'iyyar DUP mai rajin zama cikin Birtaniya, ya shugabanci majalisar Stormont daga 2007 zuwa 2014, daga baya ya shiga majalisar dattawan Landan, amma da yake a Donegal aka haife shi, ƙetaren iyaka, a lokacin ba shi da damar samun fasfon Birtaniya sai ya biya kuɗi masu yawa ya zauna jarrabawa kamar kowane baƙo. Sai a 2024 majalisa ta zartar da dokar da ta sauƙaƙa wa 'yan Ayilan mazauna Birtaniya wannan hanya.

A fagen wasanni ne aka fi ganin yadda abin ke cin mutane a rai, domin a can ba a shiga fili da tuta biyu. Rory McIlroy, gwanin wasan golf daga gundumar Down ta Ayilan ta Arewa, wanda ya tashi a gidan Katolika, ya faɗa a 2012 cewa ya fi jin kansa ɗan Birtaniya, sai aka yi masa ca. Bai je gasar Olamfik ta 2016 ba, daga baya ya bayyana cewa ya ji haushin yadda gasar ta tilasta masa zaɓen ɓangare, sannan ya buga wa Ayilan a Tokyo da Faris. Masu kallon ƙwallon ƙafa kuwa sun san Declan Rice na Arsenal, haifaffen Landan wanda kakanninsa na wajen uba mutanen Cork ne. Ya buga wa Jamhuriyar Ayilan wasannin sada zumunta uku a 2018, ya koma Ingila a 2019, yana mai cewa shi ɗan ƙasa biyu ne. Da Ingila ta je Dublin a watan Satumban 2024, 'yan kallo suka yi ta yi masa ihu, ya ci ƙwallo ya ƙi yin murna. An kira shi maci amana, amma ni abin da na gani shi ne saurayin da aka ba shi riga ɗaya alhali gida biyu gare shi. Irinsa suna da yawa ƙwarai: an ƙiyasta cewa mutum wajen miliyan shida a Birtaniya suna da aƙalla kaka ɗaya ɗan Ayilan, kuma dokar Birtaniya ta 1949 ta ce ba za a ɗauki Ayilan a matsayin ƙasar waje ba, shi ya sa ɗan Ayilan ke zama da aiki da jefa ƙuri'a a Ingila ba tare da neman izini ba. Wasan zari-ruga shi ne ya fi samun mafita, domin tawaga ɗaya ce ke wakiltar tsibirin duka, kuma tun 1995 aka yi mata taken da ɗan Belfast da ɗan Limerick za su iya rerawa tare.

Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta ƙara wa lamarin wani salo. A ƙuri'ar 2016 kusan kashi 56 na mutanen Ayilan ta Arewa sun zaɓi zama cikin Tarayyar, kuma da sakamako ya fito aka yi rububin neman fasfon Ayilan, har Ian Paisley ƙarami, ɗan majalisar DUP a lokacin, ya shawarci jama'a cewa duk wanda ya cancanci fasfo na biyu ya karɓa. A ƙidayar 2021, masu riƙe da fasfo biyun sun haura kashi biyar cikin ɗari, wato sun ninka masu amsa sunayen biyu. Na san da yawansu sauƙin tafiya suke nema kawai, amma ban raina wannan ba, domin mutumin da kakansa zai ɗauki taɓa wannan fasfo a matsayin cin amana, yau yana miƙa shi a filin jirgi ba tare da ya ji addininsa ko biyayyarsa ga sarki sun ragu ba.

Jarrabawa mafi girma tana gaba. Yarjejeniyar 1998 ta tanadi cewa idan alamu suka nuna mafi yawan mutanen Arewa na son haɗewa da Kudu, za a yi ƙuri'ar raba gardama, ta kuma ce haƙƙin riƙe zama ɗan ƙasashen biyu ba zai taɓu ba ko da matsayin yankin ya sauya. Ƙidayar 2021 ta nuna a karon farko cewa waɗanda suka fito daga gidajen Katolika, kashi 45.7, sun zarce na gidajen Furotesta, kashi 43.5, kuma a watan Fabrairun 2024 Michelle O'Neill ta jam'iyyar Sinn Féin mai rajin haɗewar Ayilan ta zama ministar farko ta Ayilan ta Arewa, ita da ta halarci naɗin Sarki Charles a 2023 duk da cewa 'yan jam'iyyarta ba sa zama a kujerunsu na majalisar Landan saboda rantsuwar biyayya ga sarki. Yawan Katolika ba ya nufin ƙuri'ar haɗewa kai tsaye, amma idan ranar ta zo, Jamhuriyar Ayilan za ta wayi gari da dubban ɗaruruwan 'yan ƙasa masu fasfon Birtaniya, masu jerin gwanon 12 ga Yuli na tunawa da nasarar Sarki William a yaƙin Boyne na 1690, kuma za su tambayi Dublin matsayinsu game da tuta da taken ƙasa da makarantu da ƙungiyar Kwamanwel da Ayilan ta fice daga cikinta a 1949. Har yanzu babu wata gwamnatin Dublin da ta fito da cikakken tsari a rubuce kan yadda za ta amsa musu.