A ƙarshe kalangun ya fito, amma ba a ɗakina ba

Jiya da daddare, bayan wata biyu ina fama, na samu sautin kalangun da nake nema. Sai da na saurare shi ya fi sau goma kafin barci ya ɗauke ni.

'Yan'uwa da muke koyon naɗar kiɗa tare, kun san ɗakina: mita 3 kowane ɓangare, bangon siminti, tayil a ƙasa. Gangunan Turawa ba su taɓa ba ni wahala ba, daga manhajar ganguna ta Superior Drummer 3 nake ɗebowa. Kalangu ne ya ƙi. Wanda aka naɗa aka yanka ba ya magana, don maganar tana cikin yadda makaɗi ke matse tsarkiya a hammata, murya ta hau ta sauka. Na gwada lanƙwasa sautin a fiyano, duk wanda ya ji sai ya gane na inji ne.

Sai na ɗauko makaɗi, na kafa masa mayik samfurin SM57. Duk sanda muryar ta sauko wani wuri, sai ɗakin ya ɗauki gurnani ya danne komai. Na duba, matsalar na wajen 170Hz, wato sautin da ke kaɗawa sau 170 a daƙiƙa. Da na yi lissafi na gane dalili: sauti na cin mita 343 a daƙiƙa, ka raba da ninkin faɗin ɗakin, wato 6, ka samu 57, sautin da ɗakin ke ƙara wa ƙarfi ke nan, shi da ninke-ninkensa, ninki uku kuma 171. Tunda tsawo da faɗi ɗaya ne, abin ya taru a wuri guda. Na rage shi a kwamfuta, kalangu ya koma kamar ana dukan gwangwani.

Na sayi soso na N38,000 na manna a bango, kuɗin har yanzu na yi mini ciwo. Ƙarar sama kawai ya shanye, gurnanin na nan daram. Manna kiret ɗin ƙwai a bango kuwa kar ma ku fara.

Makaɗin ne ya ce, "Malam, mu gwada zauren gidanmu." Ginin ƙasa ne a cikin birni, bango mai kauri da ba shi da santsi, rufin kuma ɗaurin guga. Na ƙara mayik na biyu a nesan mita 2. Bugun farko tsigar jikina ta tashi. Fatar ta fito, sautin ya sake, ban taɓa komai ba.

Masu cewa ɗaki ba shi da amfani tunda akwai sautin da aka riga aka naɗa, ku tuna gangunan Superior Drummer 3 a Galaxy Studios ta Beljiyam injiniyan sauti George Massenburg ya naɗe su. Ɗakin wasu muke ara ba mu lura ba.

Saura abu ɗaya. Mayik na nesa na makara da kusan kashi 6 cikin 1000 na daƙiƙa. In na daidaita su, faɗin zauren ya ragu, in na bari, bugun ya ɗan yi laushi. Ranar Asabar bayan isha'i zan koma, lokacin da babura suka lafa, in matso da mayik ɗin in ji.