Jimla ɗaya ta cinye mini la'asar

Yau a ajinmu na kwamfuta a Tudun Wada wata ɗalibata ta ɗora yatsa kan layi ɗaya cikin jagorar da na rubuta wa ɗalibaina kan Emacs, wata manhajar rubuta shirye-shiryen kwamfuta da gyara su, ta ce, "Malam, wace bishiya kuma?" Abin da na rubuta shi ne tree-sitter, wanda ya shigo Emacs 29 a 2023, yana gina bishiya. Shi tree-sitter wata manhaja ce da ke karanta fayil ɗin shirin kwamfuta ta gano tsarinsa. Ni a wurina magana ta ƙare, ita kuwa ko ƙofar zancen ba ta gani ba. Sai na ɗauki alli na zana mata a allo: fayil ɗin ne gindi, kowane umarni reshe, kowace kalma ganye. In ka canza harafi ɗaya, tree-sitter ba ya komawa farko ya sake karanta komai, reshen da ka taɓa yake gyarawa. Ta yi shiru, can ta ce, "To Malam, me ya hana a rubuta haka?"

Wallahi maganar ta shige ni. Har aka kira magariba ina kan jimlar nan, ina gogewa ina sakewa. Yanzu tunanina yana kan ɗaliban bara da suka karanta layin nan ba su tambaya ba.