Jaririn da ya daina kama nono: me ya sa nake fara taɓa gindin cinyarsa

Yawancin jariran da ake kawo mana a gigice cikin makonni biyu na farko, ƙwayoyin cuta ne suka shiga jininsu. Amma akwai 'yan ƙalilan da matsalarsu tana lanƙwasar ayota, babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya ta yi baka kafin ta gangara ƙasa. Wani an haife shi wurin a tsuke, wani kuwa jijiyar ta katse ɗungurungum, sama daban, ƙasa daban.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne yaron yakan fito lafiya lau. A cikin mahaifa akwai wani ɗan bututu, daktos, da ke haɗa jijiyar huhu da ayota, kuma ta nan jini ke zagaye wurin da ya lalace ya isa ƙasan jiki. Bayan haihuwa bututun yakan rufe da kansa cikin 'yan kwanaki. Ranar da ya rufe, ƙoda da hanji da ƙafafu sun shiga uku.

Irin wannan na karɓa wani dare. Uwar ta ce, "Likita, jiya fa yana sha sosai, yau ko kamawa ba ya yi." Fatarsa ta yi toka-toka, numfashi sama-sama, ƙunzugu a bushe tun safe, hanta ta kumbura. Na ɗora yatsa a hannunsa na dama, jini na bugawa da ƙarfi. Na koma gindin cinya, dama da hagu, shiru. Na ce, "Sista, sa masa ma'aunin oksijin a hannun dama, sannan a ƙafa." Na ƙafar da ƙyar ma yake karantawa. Hannun dama muke zaɓa domin reshensa ne ke fara fita daga lanƙwasar, tun kafin a kai ga inda aka samu matsala.

Ban jira hoton zuciya ba. A ganina wannan ne hukuncin da ya fi kowane nauyi a irin wannan dare: in alamu sun nuna, a fara ɗura furostagilandin E1 ta jijiya, hoto ya biyo baya. Maganin yana sake buɗe daktos, ya kuma hana shi rufewa. Tun shekarun 1970 da aka fara amfani da shi, yaran da a da suke mutuwa kafin a kai ga likitan tiyata suka samu lokaci. Maganin ƙwayoyin cuta ma mun ba shi, don a wannan sa'a ba mai iya rantsuwa cewa babu su.

Sai dai furostagilandin yana da halinsa. Yakan sa jariri ya ɗauke numfashi ba zato, saboda haka kafin a kunna famfon ɗura maganin sai da na ga jakar hura iska da bututun maƙogwaro a gefen gado. Layin ɗura shi a jijiya daban, ba a haɗa shi da wani magani, ba a kuma tsayar da shi ko don canza sirinji, domin ƙarfinsa a jini na mintuna ne kawai. Ruwa kaɗan-kaɗan muka ƙara, zuciyar da ta gaji ba ta son ambaliya. Oksijin ma ba mu buɗe shi iya ƙarfi ba, tunda yawansa na taimaka wa daktos ya tsuke. Kafin asuba na fara jin bugu a cinyar, fitsari kuma ya zo.

Hoton ya nuna katsewa tsakanin jijiyar wuya ta hagu da ta hannun hagu. Shi ne nau'in B a rabe-raben katsewar ayota da masana biyu, Celoria da Patton, suka yi a 1959, kuma shi ya fi yawa. Ganin haka muka auna sinadarin kalsiyam, domin wannan nau'in yakan zo tare da ciwon DiGeorge, inda wani yanki na kuromosom na 22, ɗaya daga cikin ƙunshin ƙwayoyin gado, ya ɓace; kalsiyam yakan faɗi har yaro ya yi jijjiga, garkuwar jiki kuma ta yi rauni, don haka jinin da za a ƙara masa sai wanda aka haska da radiyeshan.

Magani na dindindin tiyata ce. Likitan tiyata Clarence Crafoord ne ya fara gyara tsukewar ayota a Suwidin a 1944, amma katsewa gaba ɗaya aiki ne na cibiyar zuciyar yara. Muka tura shi can da famfon yana aiki a kan batir, da sirinji na biyu a haɗe, da nas da ta iya sa bututun numfashi a hanya.

Tun daga nan, duk jaririn da zan sallama sai na taɓa gindin cinyarsa, in kuma sake taɓawa ranar da aka dawo da shi awo, domin muddin daktos na buɗe, bugun na iya kasancewa ko da jijiyar a katse take.